Shekarar da Baba Ya Yi Binne

Shekarar da soja suka koma bariki aka ba farar hula mulki, gidanmu bai ga zama ba. Daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina, kamar an haɗa baki, kowa a dangi ya tashi gama karatu. Ƙanena ya sauke Alƙur'ani, aka yi walima a Darki wajen kakanninmu. Ɗan kawuna ya gama sakandare a Kano, nan ma muka ɗunguma. Nawa bikin ne na ƙarshe. Na kammala kwalejin horon malamai a Zariya, na dawo Wudil ina jiran ranar da za a yaye mu. Ni ce mace ta farko a zuri'armu da ta kai nan, kuma ban ɓoye wa kowa ina ji da kaina ba.

Duk zirga-zirgar nan a tsohuwar fijon kawu muka yi ta. A cusa mu kamar buhunan gyaɗa, kulolin abinci a kan cinya, Inna tana faɗan kada a ɓarar mata da zoɓo. Da mun haye gada sai kawu ya kunna rediyo ya shiga sharhin sabuwar gwamnati, ya yi tambaya ya ba kansa amsa. Baba kuwa wuyansa na waje yana leƙen gabas. In kawu ya matsa masa sai ya ce, "Da soja da farar hula, ba wanda ke saukar da ruwa."

Gonarsa tana Utai, kuma yana da wani irin gero da ya gada wajen mahaifinsa, mai doguwar zangarniya da farin gari. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya rataye a ɗaki, ko yunwa ake ba a taɓa su. Shekarar da ta gabata gero bai yi albarka ba, don haka irin da ya rage kaɗan ne. Ƙa'idar Baba ɗaya ce: sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, washegari a yi shuka. Masu binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi, yakan kira su 'yan caca.

Ana saura kwanaki mu tafi, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Tafiyar Zariya kuwa ta kwana ce, har da ziyarar 'yan uwa. Sai na ji Baba yana gaya wa Inna mai yiwuwa shi ya zauna. Na cika na yi fam. Na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya, na durƙusa, amma bakina bai durƙusa ba.

"Baba, Darki ka je, Kano ka je. Nawa ne bai kai ba?"

"Ba haka ba ne, uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "In ruwan shuka ya sauka ba na nan, damshin ba zai jira ni ba."

"To ni ma ranar ba za ta jira ka ba."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Washegari ya ɗaura ƙunshin iri a bayan keke ya nufi Utai. Da ya dawo, ƙafafu futu-futu, ya ce wa Inna ta fito masa da babbar rigarsa. Irin gaba ɗaya ya binne.

Ya je Zariya. Da aka kira sunana, tsohon da ko dariya sai an roƙa ya miƙe tsaye cikin jama'a, sai da kawu ya ja masa riga. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa.

A hanyar dawowa, dab da Wudil, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo motar. Muka hau murna. Baba ya ce kawu ya tsaya. Ya sauka ya soka yatsa a ƙasar gefen titi, ya daɗe a tsugune. Yayyafi ne kawai aka yi, irin wanda ke tsirar da iri ya bar shi da rana. Abin da ke kashe binne ke nan.

Haka kuwa aka yi. Sama ta bushe, tsiron ya leƙo ya ƙone. Ruwan kirki bai zo ba sai daga baya, lokacin da duk muna gida. Da bai yi binnen ba, da ba abin da ya rasa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya karɓo wani iri wajen maƙwabci ya sake shuka.

Na je na same shi a gonar da kwanon abinci, na rasa ta inda zan fara. Shi ya riga ni.

"Gero ana sake shukawa, uwata. Ajiye kwanon a inuwa."

An sake shukawa, an kuma girbe. Amma wancan geron na kakana bai ƙara shiga rumbunmu ba. Inna takan yi mitar furar yanzu ba ta da gardi, shi kuwa ya shanye tasa ya ce bai ji bambanci ba.