Shafi na Huɗu

Ranar wata Laraba ce, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekara ta biyu da damina ta yi mana gardama, Malam Garba mai koya mana lissafi ya shigo aji da ambulan a hammata. Fom guda uku ne na shiga kwalejin fasaha, mu kuwa 'yan ajin ƙarshe mun haura talatin. Ya tsaya yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen iri, sannan ya ajiye ɗaya a kan bencina ya wuce. Hannuna duk baƙin gawayi ne, don daga maƙerar kawuna na biyo, sai na kama takardar da bakin rigata. Tun daga makaranta har gida ban yarda na ninke ta ba.

Wanda bai san ƙauyenmu ba zai ce takarda ce kawai. Muna gabas da Makoda, inda babu sauran daji, in ka fita gonar wani ka shiga ta wani, iyaka sai layin gamba ko wata tsohuwar aduwa. Gonar Baba rabon gado ce tsakanin mutum shida, mu kuma maza huɗu ne a gidansa, in aka sake raba ta kowa zai tashi da wurin shanyar barkono. Baba malamin allo ne, ba mai yawan magana ba, amma yakan ce, "Ƙasar nan ba ta ƙaruwa, mu ne muke ƙaruwa." A shekarun nan rumbu kan ƙare tun kafin shuka. Inna ta koma haɗa dusa a tuwo, kwaɗon rama da tafasa suka zama abincin rana, ƙannena suka daina fita langa a dandali saboda ba ƙarfin tsalle. Da asuba mu kai taki gona a mangala, da yamma mu nemo wa awaki ciyawar da babu ita. Ni ne babba, kuma ko ba a faɗa ba na san ɗayanmu dole ya nemi abincinsa a wajen gonar nan.

Abin da nake da shi hannu ne. Tun ina ɗan shekara tara nake wuni wurin Kawu Ilu, ƙanin Inna, maƙerin garinmu. Da zuga wuta na fara, na kai ga ƙera fartanya da lauje, daga baya duk wani ƙarfe da ya yi gardama a garin wurinmu ake kawo shi. Da fatar zugazuginmu ta yage babu ta canji, na haɗa tsohuwar ƙafar keke da gwangwanin man gyaɗa na yi abin hura wuta da ake juyawa da hannu ɗaya. Da famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya daina ba da ruwa, mata suka yi wata biyu suna zuwa rijiyar ƙauyen gaba, ni na kwance shi na yanko bawul ɗin da ke tare ruwa daga tsohuwar taya. A makaranta "Na-maƙera" ake kirana, ana toshe hanci wai ina ƙaurin hayaƙi. Masu toshe hancin nan su ne ke turo mini kekunansu.

Zaɓen makarantar da zan rubuta a fom ɗin ma aiki ne. Littafin sunayen makarantu guda ɗaya ne a duk makarantarmu, bangonsa ya tafi, akuyar maigadi ta cinye jihohi biyu daga tsakiya. Sunaye da kwasa-kwasai kawai ke ciki, bai faɗi inda ɗan talaka zai iya rayuwa ba. Don haka duk Asabar sai in bi motar hatsi zuwa Dawanau, in riƙa zagaya direbobin manyan motoci ina tambaya, suna mini dariya suna amsawa. Wani ya ce garin kaza ruwa ma saye ake yi. Wani mai suna Ɗan'asabe ya ce, "Waccan ka manta da ita, ni na kai musu siminti, injinansu duk gizo-gizo ya yi saƙa." Shi ne ya nuna mini wata da ya ce kullum ya wuce yana jin ƙarar inji a ciki, kuma akwai 'yan garinmu masu sayar da goro a bakin tashar. Ita na zaɓa, ban taɓa ganin ko katangarta ba.

Shafi uku na farko ba su ba ni wahala ba: suna, gari, sakamako. Na huɗun ne ya tsayar da ni. An ja layi ashirin, an ce mai nema ya bayyana duk aikin hannun da ya iya da abin da ya taɓa ƙerawa ko gyarawa. Na kwana biyu ina shirya magana a zuci, sannan na karanta wa Baba a zaure don ya sa albarka. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Na yi kaza, na yi kaza. Wa ya koya maka wannan? Yabon kai jahilci. In ka iya abu hannunka zai faɗa, kada ka jawo wa kanka kambun baka."

Ban yi musu ba, don ni ma kunya nake ji, kuma a gidanmu ko tuwo ka ci ka ƙoshi ba ka faɗa da ƙarfi. A layi na farko na rubuta cewa ina taimaka wa kawuna a maƙera. Sauran goma sha tara na bar su fari fat.

Ranar ganawa na tarar da 'yan birni a layi, wannan da rediyon da ya haɗa a akwatin katako, wancan da hotuna da takardun shaida. Wani daga unguwar Bacirawa ya cika shafinsa har gefe, amma da marfin akwatinsa ya maƙale ni na buɗe masa da ƙusa. Da aka kira ni, mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiya mai tabarau ya dubi layina ɗaya tilo, ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya, sannan ya tambaye ni da Hausa, don ya ga Turancin ya gudu daga bakina.

"Me ka iya?"

Na sunkuyar da kai yadda aka koya mini a gaban manya. "Ɗan taɓawa dai, ranka ya daɗe."

"Taɓa me?"

"Abin da ya samu."

Ya jira. Wallahi ya jira ni, ba zan ɗora masa laifi ba. Fankar da ke saman kanmu tana wani kuka, tun shigowata na gane boris ɗin da take juyawa a kansa ne ya bushe, da za a ba ni tsani da minti goma da ta yi shiru. Amma na ci gaba da kallon ƙasa. Ya rubuta wani abu gajere, ya ce a turo na gaba.

Sau uku na karanta jerin sunayen da aka manna, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Da na dawo gida Inna ta dubi fuskata ta shige ɗaki. Baba ya ce Allah bai nufa ba, ni kuwa da ban taɓa mayar masa da magana ba na ji bakina yana cewa, "Ba su san na iya komai ba, Baba. An hana ni faɗa." Ya ci gaba da wanke allon da ke hannunsa. Da kaka ta zo ba abin kirki, na tafi Dawanau dako. Buhunan da nake ratsawa ina tambayar direbobi su na koma ɗauka a gadon baya, ina kwana a rumfar wani mai wake, ina ɓuya in na hango Ɗan'asabe. Tsoro ne ya fi nauyin buhun, domin akwai iyakar shekaru a fom ɗin, kuma shekara mai zuwa ita ce ta ƙarshe gare ni. Na riƙa kallon tsofaffin 'yan dako masu lanƙwasasshen baya ina ƙirga nawa ya rage in zama su.

Da fom ya sake fitowa, Malam Garba bai aiko ba, da kansa ya tako har zaurenmu, aka kirawo ni daga kasuwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mutanen nan ba su san shi ba, ba su san gidan nan ba. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu babu shi." Baba ya yi masa godiya ya raka shi ƙofa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Kwana biyu fom yana cikin akwatin Inna.

Rana ta uku bayan la'asar Baba ya sallami ɗalibansa da wuri, ya ce in ɗauko alƙalami.

"Kai ba za ka yabi kanka ba. Amma wanda ya ga abu ya ɓoye shaida, ya yi zunubi. Ni na gani. Rubuta."

Ya juya gefe yana kallon bango, carbi a hannu, yana faɗa ina juyawa da ɗan Turancina kai tsaye a kan shafin. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba, ranar ma "yaron nan" ya yi ta cewa. Yaron nan ya tayar da famfon masallaci bayan wata biyu. Yaron nan ya yi abin hura wuta da ƙafar keke, maƙeran ƙauyuka uku sun zo sun kwaikwaya. Ya faɗi injin niƙan da na gyara ranar jajibirin salla, ya faɗi amalanken maƙwabcinmu, ya faɗi abubuwan da ni kaina na manta. Har motar gwangwanin da na ƙera ina ɗan shekara bakwai, mai sitiyarin da ke juya tayoyi, wadda ya zane ni a kanta don na gudu daga karatu. Ashe duk shekarun nan da nake zaton idonsa na kan allo, yana gani. Hawaye ya sa na ɗaga takardar sama kada ta jiƙe. Da na ce layi ya ƙare, ya ce, "Juya bayanta." A ƙarshe ya karɓa ya sa hannu da ajami, ya tashi ya tafi alwala, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

An ɗauke ni a shekarar, kuma da aikin da na koya a can ƙannena suka yi karatu, gonar ba a raba ta ba. Yanzu 'yata ta cika nata fom ɗin a waya tana kwance, ta duba makarantu goma kafin shayi ya huce, ta jera abin da ta iya ba tare da ta ƙifta ido ba, ni kuma ina gefe ina cewa ta ƙara kaza. Komai nata yana da kwafi a wurare uku. Nawa babu, lokacin ba mu san ana yi ba. Bayan rasuwar Baba na koma kwalejin na roƙi a duba mini tsohon fayil, aka ce gara ta daɗe da gamawa da na shekarunmu. Sau ɗaya ya yabe ni a rayuwarsa, ni kuma na sa a ambulan na miƙa wa baƙi.