Farin Fenti a Jikin Motar Maigidana

Bayan an rufe ramin ma'adinai na Akokan, abin da ya rage mana mai daraja shi ne motar maigidana. Shuɗiya ce, ya saye ta tun yana shiga ƙarƙashin ƙasa aiki. Da aikin ya ƙare sai unguwa ta fara watsewa, yau wannan gida ya ɗaure kaya sai Maraɗi, gobe wancan sai Tawa. Mu ma muka yanke shawarar a sayar da motar mu koma Damagaram da yara. Wani dillali a Arlit ya ce ya samo mai saye, ɗan kasuwa daga Agadas, yana nan tafe.

Ana cikin haka maƙwabcinmu, wanda shi ma yake neman mai sayen gidansa, ya kira masu fenti da injin feshi su gyara masa bango. Iska kuwa wajenmu take kaɗowa, ga motar a ƙofar gida. Ina ciki ina tuƙa tuwo, maigida ya tafi masallaci. Da ya dawo sai na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Zo ki gani."

Gefen motar gaba ɗaya, daga ƙofofi har murfin inji, ya yi ɗigo-ɗigo fari. Na shafa, na ji kaushi kamar yashi. Rana ta riga ta busar da shi.

Maƙwabcin ya fito yana salati. "Malam, ka yi mini afuwa, wallahi ban lura ba."

"Ba komai, Alhaji, tsautsayi ne," in ji maigida. Me zai ce? Shi ma mutumin da ƙyar yake ciyar da gidansa.

Muka fara da sabulu da ruwan da nake tattali saboda girki. Ko gezau. Na gilashi kam reza ta fitar da shi, na tsaya ina kankarewa a hankali har yatsuna suka yi tsami. Jikin motar ne ya gagara. Wani makanike ya ce a gwada kananzir da tsumma mai laushi. Ƙananan ɗigon suka fita, manyan suka ƙi. Maigida ba ya iya daɗewa a tsaye saboda tarin da yake fama da shi, sai ya goge kaɗan ya zauna a inuwa yana haki, ni in karɓa.

Da ya ga lokaci na ƙurewa sai ya je wurin masu fentin ya karɓo ruwan da suke tsinka fenti da shi.

"Malam, anya ba zai ci jikinta ba?" na ce.

"To, me ya rage ba mu gwada ba?"

Ya zuba a tsumma ya goga a murfin inji. Nan take farin ya fita. Har ya yi murmushi. Da wurin ya bushe sai shuɗin ya dusashe ya koma toka-toka, faɗin faifai, kamar tabon ƙuna. Na shafa man gyaɗa, ya ɗan yi sheƙi, ƙura ta zo ta manne.

Ɗan kasuwar ya zo, ya zagaya motar, ya tsaya a kan tabon.

"Wannan ta taɓa haɗari, an sake mata fenti."

Maigida ya rantse, ya nuna masa bangon maƙwabci, ya faɗi yadda aka yi.

"Na yarda da kai, Malam. Amma yanzu a Akokan wane layi ne babu motar sayarwa?"

A ranar ya sayi motar wani a bayan layinmu. Babu wanda ya sake zuwa. Batir ya mutu, tayoyi suka sace, maigida ya daina ko leƙa ta.

Da muka tashi, a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya sauke albasa muka hau, yara a kan katifu. Makullin motar maigida ya bar wa limamin unguwa, ko Allah zai kawo wani. Da farko liman yakan kira ya ce shiru ake ji. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Wani da ya zo daga can ya faɗa mana shi ma ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina.