Fim ɗin Yaya da Na Sa Aka Ƙona

A shekarun da kuɗin man fetur suka yi yawa, gwamnati ta tura yayana karatu waje. Ya dawo Sakkwato da ƙaramar kyamara da son wasu finafinai da ba a kawowa silima, na samarin birni da rayuwa ta gundura, masu yawo da wuƙa. Ya ce ai mu ma muna da irinsu.

Wata uku yana bin wasu samari huɗu da suka bar gona a ƙauyen Dundaye suka zo leburanci a unguwar Mabera. Kwangila ta ƙare, suka koma zaman tasha, sai shaye-shaye da faɗa. Fim ɗin gajere ne, ko murya babu. Sau ɗaya ya haska wa abokansa a ɗakinsa da hantsi, an toshe taga da bargo. Na roƙi in shiga, ya ce ba kallon 'yan mata ba ne.

Haushi ya kai ni wurin Baba. Ma'aikacin gwamnati ne, soja ke mulki, kowa na kaffa-kaffa da aikinsa. Na ce masa a cikin fim ɗin ana zagin soja. Ƙarya na yi, ban ma gani ba. Baba bai bincika ba, ya karɓi naɗin fim ɗin ya jefa a murhu. Yaya na tsaye yana kallo.

Bayan damina aka soki ɗaya daga cikin samarin a wani faɗa, ya rasu. Mahaifiyarsa ta tako tun daga Dundaye, ta same ni ina tankaɗe a tsakar gida.

"Ɗiyata, nan ne gidan mai hoto? An ce mani yarona na ciki, har yana tahiya yana dariya. Ko sau guda a gwada mani."

Na kira Yaya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wuta ta cinye shi."

"Subhanallahi! Ba wanda ya ƙone dai?"

"Babu, Inna."

Ta gode Allah, ta sha ruwan da na kawo mata, har ta sa mini albarka.

Yaya bai sake ɗaukar komai ba, koyarwa ya kama. Sai bayan rasuwar Baba na faɗa masa gaskiya. Ya ce tun ranar ya sani, kuma gafarar uwar yaron nan ya kamata in nema, ba tasa ba. Ban je ba.