Jakin da Ban Taɓa Gani Ba

Shekaranjiya dariya ce ta katse mini gyangyaɗin la'asar. Jikokina da matar ɗana ne suka haɗa kai a gindin darbejiya, sun kewaye waya ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Fim ɗin barkwanci suke kallo, na wani ɗan damfara da ya ari babbar riga ya shiga ƙauye, ya ce shi aka turo ya haƙa musu rijiyar burtsatse, ya yi ta cin kajin mutane gida gida. Wannan ɗin ma a bakinsu na tsinta, don idona ya yi yana, fuskar wayar kuwa ba ta fi tafin hannu ba.

Yana ƙarewa gardama ta kaure. Matar ɗana ta ce ita dai mutumin ya burge ta, ko kai ya cuta sai ka yi dariya. Ɗana, wanda ya ce ba ya kallon shirme amma ya tsaya a bayansu har ƙarshe, ya ce irin wannan ne ke koya wa yara wayon banza. Babbar jikata kuma haushinta ɗaya, wai don me aka bar shi ya tsere.

Na ce, "To ku ba ni labarin mana."

Jikar tawa ta ce, "Ke tsohuwa, mutum ne ya cuci mutane ya gudu. Ba ya daɗi a baki, sai an gani."

Na juya fuskata bango na yi kuka. Ba na jin kunyar faɗa muku, tun da mijina Malam ya rasu hawayena ba ya neman izini. Amma bari ku ji inda kukan ya samo asali.

Ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Kangire, wata shekara da kaka, aka ce motar majigi mai nuna fim ta sauka a Birnin Kudu. Samari da yara maza suka ɗunguma da ƙafa. Mu mata aka ce mu zauna. Na bi yayana har bakin gona ina roƙo, ya kore ni da karan dawa.

Washegari da hantsi muna tsinkar gyaɗa a gaban rumbu, ƙamshin ɗanyen harawa ya cika gidan, ƙasa ta shiga mana farce, sai ga ɗan maƙwabcinmu ya shigo, sa'an yayana. Kakata ta ce ya zauna ya faɗi abin da suka gano. Shi kuwa bai zauna ba. Ya turo hula gaban goshi, ya sauke kafaɗa ɗaya, ya fara wata tafiya ta sanɗa. Nan take ya zama wani ɗan damfara da ya kwance jakin wani manomi, ya rina shi da toka da ruwan baba, ya kai kasuwa ya sayar wa mai shi. Ya yi muryar ɓarawon, ya yi ta manomin yana yaba haƙoran jakinsa, har kukan jakin sai da ya yi. Da ya zo inda hadari ya taso ruwa ya wanke dabbar a hanya, innata ta kifar da ƙwaryar gyaɗa don dariya.

Abin da ba na mantawa shi ne, duk manyan da suka yi ta yanke hukunci ranar, babu wanda ya ga majigin. Babana ya ce da shi ne alƙali, bulala zai sa a yi wa wanda ya kawo motar ma. Baffana, da ya tashi a cikin shanu, ya ce ƙarya ce, ai dabba da tafiyarta ake gane ta, ba da launi ba. Kakata ta ce, "Wanda bai san jakinsa ba shi ya kamata a ɗaure." Sai dai ita ta ɗauka ɓarawon yana nan da rai, yana zaga kasuwanni. Tun daga ranar, duk dabbar da babana ya sayo a kasuwar Sara, sai ta jiƙa tsumma ta goga mata a gadon baya, ta duba.

Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Kishi ne ya hana ni. Na ce wa ɗan maƙwabcin namu, "Ƙarya kake, jaki ba ya rinuwa."

Ya ce, "Ni da na gani da idona?"

Maganar nan ta fi karan dawar yayana zafi. Na daɗe ina gaba da shi a kanta, shi bai ma sani ba.

Allah da ikonsa, wannan mai kwaikwayon shi ya zama mijina. Bai taɓa kai ni kallo ba, na kuma sha yi masa gori. Amma bai taɓa ganin wani abu ya bar shi a can ba. Da gidajen kallo suka zo, in ya je Birnin Kudu cin kasuwa ya leƙa, to zai dawo mini da fim ɗin tare da daddawa da gishiri. Ina tankaɗe yana yi mini, har furfura ta cika masa gemu bai daina sauke kafaɗar nan ba. Ko a lokacin ina kishin mutanen da suka zauna kusa da shi suka riga ni dariya. In ba shi da sabo sai ya koma kan jakin, ya zo daidai wurin hadarin ya tsaya, ya ce, "Yau a kama shi ko a sake shi?" In raina a ɓace yake na ce a kama. Sai ya kama kansa da kansa a wuyan riga, ya ja kansa har ƙofar ɗaki yana ba da haƙuri.

Yanzu katanga ɗaya ce tsakanina da wata sa'ata, ita nata tsohon yana raye. Jiya da safe na ji shi yana ba ta labarin wannan fim na mai burtsatsen, wai ya gani a wurin mai shayi. Na ja tabarmata na raɓe jikin katangar kamar ɓarauniya. Bai iya ba ko kaɗan. Ya yi tari, ya manta, ya koma baya, ya sa kajin kafin rigar. Ita kuwa sai cewa take, "Malam, ka ishe ni da surutu, ka bar ni na yi wanke-wankena." Allah ya sani ba na nufin ta da sharri, tare muka yi zaman jego, ita ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar mijina. Amma da na ji ta faɗi haka, sai da na ciji leɓena. Tana da mai kawo mata labari har tsakar gida tana korar sa.

Ya lallaɓa ya kai ƙarshe, ya ce, "Shi ke nan, sai ya hau mota ya gudu."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "A kama shi!"

Suka fashe da dariya. Tsohon ya ɗaga murya ya ce, "To Hajiya, tun da kin ce, an kama shi."

Na tsaya ina jira. Babu jan wuyan riga, babu ban haƙuri, sai ƙarar kwanuka.

Yau kowa da majiginsa a aljihu, mace da namiji, ba wadda za a kora da kara. Na yi wa jikokina murna, har ga Allah. Ni dai ga ni na koma kakata, ina yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. In kuwa kuka tambaye ni, wannan mai babbar rigar bai kama ƙafar mai jaki ba. Na san abin da nake faɗa, don mai jakin a ɗakina ya tsufa.