Gashin Dawisun Dattijon Koulouba

Duk sanda na buɗe akwatin zannuwana warin kafur ya buge ni, sai in tsinci kaina a zauren kakana a Zongo, kafin katafila ta share unguwar.

Kaka majemi ne, amma har mataccen tsuntsu yakan tayar ya tsaya kamar mai rai. A wata bazara wani dattijo daga unguwar Koulouba ya kawo gawar dawisu a buhu. Na marigayiyar matarsa ne, ita ta raine shi. Kaka ya fara da zare gashin wutsiya ɗai-ɗai, yana jerawa a tabarma yadda Allah Ya jera su. Sannan ya tsaga ciki, ya tuɓe fatar kamar rigar jariri, ya kankare kitse, ya shafe ta da gishiri da kafur. Ya ɗaure gangar jiki da audugar rimi da zare, ya zura waya a wuya da ƙafafu, ya mayar da fatar a kai.

Ni kuwa a lakwal, makarantar boko, 'yan ajinmu sun ce gashin dawisu yana haihuwa in ya kwana cikin littafi. Na ɗauki guda daga tabarmar, mafi kyawun ido, na ɓoye cikin Alƙur'anina.

Ranar karɓa, dattijon ya tsaya gaban wutsiyar da aka baje. Giɓi a tsakiya kamar wawulo.

"Malam, kun sayar wa masu magani ko?"

Na ga jijiyar wuyan Kaka ta tashi, ya ce:

"Ba ya gidan nan. Amaryata, ɗauko min Alƙur'aninki."

Alwalarsa na nan tun walaha. Na kawo. Na san in ya dafa, ya rantse kan ƙarya, kuma ni na sa shi. Hannunsa ya taso, ga tsagar bagaruwar jima a yatsun.

"Kaka, kar ka dafa!"

Na buɗe da kaina. Ga shuɗin idon kwance tsakiyar Yasin, shi kaɗai, bai haifi komai ba.

Kaka bai ko dube ni ba. Ya ba dattijon haƙuri da yarensu na Mosanci, ya ɗauko basilla ya mayar da gashin gurbinsa. Mako guda bai ce min amarya ba, kuma da bulala ya yi min da ta fi sauƙi.

Yau inda zauren yake ban ma iya nunawa. 'Yata tana sa alamar karatunta da takardar alawa. Ni dai har yanzu ba na miƙa wa kowa Alƙur'ani sai na fara buɗe shi.