Agogon Alhaji Zayyanu da Teburin Yayana

Alhaji Zayyanu, dillalin zinare, ya kira yayana Gwadabe ɓarawo a tsakiyar kasuwa, shugabannin 'yan tebur kuma suka ɗage masa tebur a ranar, ko tambayarsa ba su yi ba.

Shekara ashirin da bakwai Yaya Gwadabe yana gyaran agogo a inuwar dalbejiya guda, da gilashi maƙale a ido. A Gusau ya koyo aikin. Da haƙar zinare ta ɓarke kowa ya ruga daji, shi ya ƙi. Shekarar da gubar dalma ta cinye yara a Yargalma, har da jikarsa Fatiha, tun daga nan ko kallon dutsen zinare ba ya son yi. Mutum ya bar masa agogo wata shida, ya dawo ya same shi a gwangwanin da ya bar shi.

Alhaji ya kawo agogon zinare da ya sayo a Saudiyya, duk ya dushe, madaurinsa ya sha karce. Ya ajiye ya wuce, ba shaida, kamar yadda kowa ke yi. Yaya ya bi shi da ƙyalle mai laushi, bai kankare komai ba, don kowace kankara zinare take ci. Da datti ya fita, sai ga farin tabo a madauri kamar azurfa.

Da Alhaji ya dawo Yaya ya ce, "Alhaji, mi ka taɓa da agogon ga a hannu?"

"Kai za ka tambaye ni? Ka canza min madauri da ƙarfe, tsohon ɓarawo."

To, ni Maimunatu na bi diddigi. Laraba da ke wanke-wanke a gidan Alhaji ta gaya min da bakinta. Alhaji ya je wurin wankin dutse a Abare, ya tsoma hannu a kwanon zaiba, ruwan nan da ake kama zinare da shi, agogo na hannunsa. Duk wanda ya taɓa sana'ar ya san zaiba na farar da zinare. Da ya ga tabo, sai ya sa Laraba ta dirje shi da toka da yashi kamar gindin tukunya. Karcen ke nan.

Wata biyu Yaya yana zaune a zaure, ko masallacin layi ba ya son zuwa. Ya ce ya bar wa Allah. Ni ban bari ba. Na faɗi labarin a taron suna a gidan Atine, na faɗa a biki a Gummi, kuma duk taron matan da na shiga sai na maimaita, har a riƙa nuna Alhaji da baki.

Alhaji Zayyanu, ka zo ranar kasuwa da agogon a hannunka, ka tsaya inda ka tsaya, ka faɗi wanda ya ɓata shi da muryar da ka yi zagin. Ku kuma shugabanni, ku ɗauko teburin nan da hannunku ku mayar gindin dalbejiya.