Kawu Kada da Jan Fitila

Kada ake ce wa kawuna, domin tun yana saurayi ya fi daɗewa a ruwa fiye da a tudu. Aikinsa ƙetarar da mutane tafki. Kullum da safe yakan ja kwale-kwalensa a kan 'yar ƙaramar tirela da yake ɗaurawa a bayan tsohuwar motarsa, da yamma ya jawo shi gida ya wanke.

Ina cikin motar nan ranar da abin ya faru, muna dawowa daga tafki, ban daɗe da gama jami'a ba. Kawu ya taka birki, fitilun bayan tirela ba su kama ba, babbar mota ta daki bayanmu. Ba wanda ya mutu. Amma tun daga ranar ban sake yarda na shiga motar ba.

Kawu ya miƙar da ƙarfen tirelar a wurin mai walda, ya sa sababbin fitilu, ya shafe ta kaf da fenti ruwan ɗorawa don a riƙa hango ta daga nesa. Fitilu suka ƙi kamawa. Matarsa, Inna, ta ce ta gaji da zaman fargaba: in rana ta faɗi yau ba su kama ba, gobe mai saye zai zo ya ɗauki kwale-kwalen. Kawu ya ce ya yarda.

Ya fara daga mota. Ya zare fiyus ya ɗaga shi sama, lafiya lau. Ya kankare tsatsar fulogin da ke haɗa mota da tirela. Ya kwanta a ƙasa ya bi waya da yatsu taƙi-taƙi ko ɓera ya ci. Ya cire ƙwan fitila ya gwada a batir, ya kama.

"Mai digiri," ya kira ni, "ba a gwada birki da mutum ɗaya. Shiga ki taka, ni in duba."

"Kawu, a sa dutse a kai mana."

"Dutse ba ya jin 'saki', ba ya jin 'taka'. Shiga, 'yata. Motar ko motsi ba za ta yi ba."

Na shiga. Warin kujerar ya dawo mini da komai. Na taka.

"Kin taka kuwa, ko gaisawa kike yi da shi?"

"Na taka!"

Babu komai. Inna ta fito da tsintsiya ta tsaya.

"Kada, ka bar wahalar da yarinya. Ka mai da tirela gwaiduwar ƙwai, ko noti ba ka bari ba. Saura ni ka shafa."

Kawu ya duƙa yana kallon notin da ke riƙe da farar waya a jikin ƙarfe. Ta nan wuta ke komawa, in ji shi, kuma a kan fenti ya ɗaure ta. Ya kwance notin, ya karɓi wuƙar ɗakin girki, ya kankare har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗaure.

"Taka!"

Jan haske ya faɗa kan bangon gidan, na gan shi ta madubi.

Inna ta zagaya bayan tirelar da kanta. "Saki. Taka. Sigina ta hagu. Ta dama." Ta sa ni maimaitawa har ƙafata ta gaji.

"Kullum da safe haka za a yi a gabana," ta ce, "kafin taya ta juya."

"Wa zai taka?" in ji Kawu.

Duk suka juyo suna kallona. Na ce su tashe ni.